Zaren da ya ƙi fita daga idona

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma kullum sai nace bari sai na warke tukuna, toh yanzu na gane in dai warkewar da nake jira itace in wayi gari inga idona tas kaman da, ba ranar rubutawa kenan. Shi yasa na zauna yau.

Ni tela ce, shekarata 44, ɗinkin mata da na yara nake tun ina budurwa. Gilashi kuwa tun ina aji uku a firamare nake sakawa, malaminmu ne ma ya fara lura kullum sai na taso daga benci na zo gaban allo ina ƙanƙance ido kafin in kwafi rubutu. Lambar gilashin tai ta hawa duk bayan shekara biyu uku har ta tsaya a -7 a dama, -6.5 a hagu. Duk tsawon shekarun nan ni a sanina matsalata gilashi ce kawai, in ya tsufa a canza, shikenan. Ba wanda ya taɓa zaunar dani yace min mai irin idona ƙwayar idonsa ta fi ta mutane tsawo, ta yawancin mutane wajen milimita 24 ce, irin tawa kuwa ta kan wuce 26, kuma tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda likitoci ke cewa retina, yana miƙewa yai siriri kaman yadin da aka ja da ƙarfi. Sai da abu ya faru naji wannan bayanin.

Ranar da abin ya fara ina kan keke ina kalmasa wani farin yadi sai naga baƙin zare kwance a kai. Nasa hannu in ɗauke, ba komai. Na hura, yana nan. Na cire gilashi na goge da gefen mayafina na mayar, yana nan dai, sai da na juya ido zan ɗauki almakashi naga zaren ya biyo ni, na tsaya shima ya ɗan wuce sannan ya dawo a hankali kaman abu a cikin ruwa. Gabana ya faɗi amma nace gajiya ce. Kwana biyu kafin nan dama da daddare in na kashe fitila ina ganin wani haske yana gilmawa a gefen idon dama kaman walƙiya daga nesa, na ɗauka hasken waya ne ya dame ni.

Washegari zaren ya samu 'yan uwa. Ɗige-ɗige ne baƙaƙe ƙanana ba adadi kaman an yayyafa min toka a ido, da wani abu kaman hayaƙi da ke juyawa. Kuma wallahi da wannan abin nai kwana huɗu a gida, ina da ɗinkunan mutane a hannu, ina cewa bari in gama wannan, bari in gama wancan. Ƙanwata ce ta shigo ta same ni ina kaɗa hannu a gaban fuska tace Yaya me kike kora haka? Nace ƙudaje ne suka ishe ni. Ta duba ɗakin tace Yaya ba ƙuda ko ɗaya a ɗakin nan fa. Ita ta ɗauko min jakata tace tashi mu tafi, bata ma tsaya jin ta bakina ba.

A asibitin ido aka ɗiga min maganin da ke buɗe baƙin ido, aka ce in jira wajen rabin awa, kafin a kira ni ko rubutun waya bana iya karantawa. Likita ya kwantar da kujera ya ɗaura fitila a goshinsa, kalli sama, kalli sama ta dama, kalli ƙasa, yana danna fatar idona da wani ɗan ƙarfe, ba zafi sosai amma ba daɗi. Yana ta ɗan hira dani sai naji yayi shiru, ya sake cewa in kalli sama ta dama, ya daɗe a wajen. Shirun nan har yau ina jinsa.

Yace Hajiya tantanin idonki ya yage, daga sama ta gefen kunne, yagewa mai siffar kofaton doki. Ya min bayani cewa cikin ido cike yake da wani ruwa mai kauri kaman jel, kusan kashi 99 cikin 100 ɗinsa ruwa ne zalla, sauran wasu siraran zaruruwa ne da ke riƙe shi. In shekaru suka ja sai ya fara narkewa ya tsuke ya saki jikin tantanin, kusan kowa in yai tsawon rai sai hakan ta same shi, amma masu irin gilashina da wuri yake zo mana. Yawanci yana saki lafiya lau. Wani lokacin kuma akwai inda ya manne da ƙarfi sai ya finciki tantanin, fincikar ce nake gani kaman walƙiya, in ya ci gaba da ja sai ya yaga. Yace cikin waɗanda ke zuwa da irin alamuna kwatsam, wajen mutum 1 cikin 10 ake samu da yagewa. In aka bar ta ruwa zai bi ta ramin ya shiga bayan tantanin ya ɓamɓare shi kaman yadda shafi ke rabuwa da riga, daga nan kuma maganar tiyata ce babba, da yiwuwar rasa gani. Yace leza za'a miki, wato aiki da wani haske mai ƙarfi da ake harbawa cikin ido, kuma yau.

Ban ma samu lokacin tsoro ba. Aka ɗiga maganin kashe zafi, na ɗora haɓa a kan na'ura, ya manna wani ɗan gilashi mai jel a kan ƙwayar idon, sai koren haske, tik, tik, tik, kaman ana ɗaukar hoto a cikin kaina. Mafi yawa ba zafi, amma jefi-jefi sai wani ya soke ni can ciki har ƙeya, in damƙe kujera. Baifi minti 15 ba aka gama. Da ya cire gilashin idon baya ganin komai sai duhu mai ja-ja, na firgita nace likita bana gani, yace haske ne ya dallare shi ki bashi 'yan mintuna, haka kuwa akai. Ya ce in guji ɗaukar kaya masu nauyi da aikin jijjiga jiki har sati biyu, sabida tabon da lezar ta yi yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya kama da kyau.

Toh nan ne kuskurena yake, kuma shine dalilin wannan dogon rubutun. Ni a zuciyata na gama yanke cewa lezar nan ƙone zaruruwan zata yi. Ban tambaya ba, shima bana jin ya faɗa, ko ya faɗa hankalina baya wajen. Na kwanta da murna gobe zan tashi ido fes. Da safe na buɗe ido na kalli silin, wallahi sun fi jiya yawa. Ga tokar, ga hayaƙin, ga dogon zaren, ga kuma wani sabon abu kaman zobe da ya karkace yana lilo daidai tsakiyar ganina. Na fashe da kuka kaman ƙaramar yarinya, nace wa maigidana shikenan sun ɓata min ido, da na sani ban yarda an taɓa ni ba.

Kwana uku na koma a fusace, na shirya maganganun da zan faɗa. Ya sake buɗe idon ya duba yace lezar ta zauna daidai, layi uku ta zagaye yagewar. Nace toh in ta zauna daidai me yasa nake ganin wannan tarkacen? Sai ya ajiye biro yace lezar bata da alaƙa da su, ita ko ramin ma bata rufe shi ba, zagaye shi tayi da ƙananan ƙuna dan tantanin ya manne da bangon ido ruwa ya rasa hanyar wucewa. Na ɗan yi shiru sai nace kaman gidan maɓalli kenan, ramin na nan amma an bi bakinsa da ɗinki dan kar ya zarce? Yai dariya yace Hajiya daga yau da wannan misalin zan dinga yiwa mutane bayani. Ni dai ban yi dariya ba a ranar.

Abubuwan da nake gani kuwa yace kala-kala ne. Tokar da hayaƙin jini ne, lokacin da tantanin ya yage ya tsinka wata 'yar jijiya ta zubar da ɗan jini cikin jel ɗin, haɗe da wasu ƙwayoyin launi da suka zubo daga bayan tantanin. Wannan jiki zai shanye shi a hankali, makonni ko watanni. Lezar kanta ta kan ɗan tada kumburi na 'yan kwanaki, ga shi kuma jel ɗin bai gama sakin ba, shi yasa wasu suke ganin kaman abin ya ƙaru bayan an musu. Dogon zaren kuwa zaruruwan jel ɗin ne suka dunƙule, zoben kuma shatin inda jel ɗin yake manne da jijiyar gani ne ya ɓalle yake yawo. Ba su kansu nake gani ba ma, inuwarsu ce ke faɗawa kan tantanin. Nace su kuma yaushe zasu tafi? Yace wataƙila su ɗan dusashe ko su sauka ƙasa, amma kar in sa rai zasu ɓace, kuma ba wani maganin ɗigawa ko ƙwaya da ke narkar da su.

Watannin da suka biyo baya sune mafi wuya a rayuwata, kuma na san wani zai karanta yace akan ɗige-ɗige? Eh akan ɗige-ɗige. Ciwo ne da ba wanda yake gani sai kai. Idona fari tas, ba ja ba kumburi, in aka gwada ni da gilashi ina karanta layin ƙasa, kowa sai yace Alhamdulillah ai an auna arziki, kuma gaskiya ne an auna, amma ni daga buɗe ido da safe har in rufe da dare akwai abu yana iyo a gabana. In zan zura zare a allura sai zoben ya zo ya zauna daidai kan kafar allurar, in jira ya wuce, ina motsa ido ya dawo. Farin yadi kuwa na daina karɓa gaba ɗaya, ina cewa masu kawowa aiki ya min yawa alhali ƙarya nake. Ɗinkin da nake gamawa a yini ɗaya ya koma kwana uku, kwastomomi suka fara janyewa kuma ban ga laifinsu ba.

Sai na koma mai gadin idona. In rufe hagu in kalli bango, in rufe dama in kalli bango, in fita tsakar rana in kalli sama in ƙirga, a yini sai inyi haka sau talatin ko fi. Kuma duk wanda ya je neman su a sararin sama sai ya samu fiye da abin da yake nema, dan haske mai ƙarfi yana tsuke baƙin ido inuwar tasu ta ƙara fitowa raɗau, har waɗanda tun ina yarinya suke nan ban damu dasu ba duk na tono su. Barci ya ƙaurace min. Na rame. Yarana suka fara tafiya a hankali a gidan sabida abu kaɗan sai in hau faɗa. Maigidana yayi haƙuri iya haƙuri amma wata rana yace Maman yara likita fa yace idon nan lafiya, ki sawa ranki salama mana. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa, abin da naji shine har shi ma gani yake raki nake.

Kowa kuma da maganin da zai kawo. Na sayi wasu ƙwayoyin bitamin da wani maganin ɗigawa da na gani ana talla a intanet da hoton ido kafin da bayan, na sha na ɗiga wata guda cur, ko ɗigo ɗaya bai ragu ba sai ma idon da ya dinga min ƙaiƙayi. Likita ya riga ya faɗa min, ni ce dai na ƙi ji.

Da daddare in na kasa barci waya nake ɗauka inyi ta karance-karance, wani ya ƙara min tsoro wani ya ɗan sanyaya min rai. A nan na gano ashe likitocin da can da harshen Latin sunan da suka sawa abin nan ma'anarsa ƙudaje masu shawagi, nai dariya ni kaɗai na tuna ranar da ƙanwata ta kama ni ina kora. Na karanta cewa kafin shekarun 1920 wanda tantaninsa ya ɓamɓare kusan makanta ce kawai, sai wani likita ɗan Suwizalan, Jules Gonin, ya nuna cewa yagewar ce tushen abin, in aka toshe ta an gama, shi da ƙarfe mai zafi yake yi. Wani kuma a Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, a 1949 hasken rana ya tattaro da madubai daga saman rufin asibiti ya ƙona tantanin mara lafiya da shi, in hadari ya taso sai a jira. Nace oh, ni da aka min a minti 15 ina zaune a kujera. Wannan ya rage min haushin lezar, amma bai rage ɗigo ko ɗaya ba.

Cikin sati shida na farko sau uku ina komawa asibiti ba ranata ba, duk a guje, duk ina cewa sun ƙaru. Duk zuwa sai an ɗiga magani, a jira, a duba, a ce ba sabon abu, in dawo gida ido a buɗe awa huɗu biyar bana iya komai. A zuwa na uku wata ma'aikaciya a wajen karɓar kati ta kalle ni tace Hajiya kin kuma dawowa? Ƙila wasa take, amma naji kaman ƙasa ta tsage in shige. Shi likitan bai nuna gajiya ba, cewa yayi gara kizo sau goma a banza da ki ƙi zuwa sau ɗaya da gaske, kuma sabuwar yagewa ta kan iya fitowa a wani wajen daban musamman a watannin farko. Ya sake lissafa min abin da in na gani ko tsakar dare ne kar in jira: ɗige-ɗige sababbi da yawa lokaci guda, walƙiya sabuwa ko wadda ta ƙaru, inuwa kaman labule yana shigowa daga gefe ko sama ko ƙasa, ko gani ya ragu kwatsam. Nace likita matsalar ban san sabo da tsoho ba, duk sun cakuɗe min. Yace toh ki san naki.

Maganar ta zauna min. Da na koma gida na ɗauko takardar da nake yankan fatan, na zana da'ira biyu, dama da hagu, na zauna gaban farin bango na zana duk abin da nake gani da inda ya saba tsayawa. Har suna na raɗa musu, akwai Zobe, akwai Dogo, akwai Sauro, da wasu 'yan uku da kullum tare suke tafiya. Idon hagu ɗigo biyu ne kacal marasa duhu. Na yiwa kaina doka sau ɗaya zan duba a rana, da safe, bango ɗaya, minti ɗaya, in ya dace da takarda shikenan sai gobe. Ban iya kiyaye dokar a satin farko ba, ƙarya ne in nace na iya, amma daga talatin na dawo biyar, daga biyar na dawo biyu. Wajen wata na uku na lura tokar nan ta tafi ban ma san ranar da ta tafi ba, hayaƙin ma haka, saura su Zobe.

A wata na biyar ne, na fara samun kaina har na koma karɓar ɗinki sosai, wani dare na juya kai zan kashe fitila sai walƙiya ta gilma. A hagu. Idon da nake cewa mai lafiya. Na tsaya cik, na sake juyawa, ta sake. Na faɗa wa maigidana yace ba sati uku ya rage ranar da aka baki ba? ki bari mana ki haɗa gaba ɗaya. Kuma wallahi nima abin da raina yake so kenan, muryar matar nan kawai nake ji, kin kuma dawowa. Na kwana ina saƙa da warwara, in je a sake cewa ba komai in zama abin dariya, ko in zauna. Da gari ya waye na ɗauko takardata na rufe idon dama na kalli bango. A takarda ɗigo biyu ne. A bango sun fi ashirin, ƙanana baƙaƙe, irin tokar nan da na sani. Ban tashi kowa ba, na kira ƙanwata nace kizo ki raka ni.

Yagewa ce, ƙarama, daga sama, ruwa bai riga ya shiga ba. Jel ɗin hagu ne shima ya fara saki, ashe in ɗaya yayi ɗayan baya daɗewa sosai yake bi. Aka min leza a ranar. Ina zaune ina jiran a kira ni kusa da wani dattijo da aka rufe masa ido ɗaya, muka gaisa nace Baba ya jiki, yace da sauƙi 'yata. Shi labulen ya gani ya taso masa daga ƙasa, ya bari sati guda yana zaton zai wuce, har ya kai tsakiya. Tiyata aka masa aka sa masa kumfar gas a cikin ido, kwanaki yana kife da fuska ƙasa, an hana shi hawa jirgin sama har sai gas ɗin ya tafi, kuma an gaya masa ganin ba lallai ya dawo kaman da ba. Yace ke da wuri kika zo ko? Nace eh Baba. Ban iya gaya masa saura ƙiris in zauna sati uku ba. Matar wajen kati kuwa ranar ko ɗago kai bata yi ba, ashe ma bata tuna ni, ni kaɗai nake ta dakon maganarta wata da watanni.

Bayan leza ta biyu ɗige-ɗigen hagu suma suka ƙaru na 'yan kwanaki, nayi kuka amma ba irin na farko ba, na san toka ce zata tafi, na san wani abu zai saura. Na ɗauko takarda na sabunta zanen. Maigidana tun daga ranar bai sake cewa in bari ba, shi ne ma yanzu in yaga na tsaya ina kallon bango zai ce lafiya dai? naki ne ko baƙi?

Na tambayi likita ko akwai hanyar cire su gaba ɗaya, yace akwai tiyatar da ake zuƙe jel ɗin duka a maye shi da ruwan gishiri na musamman, tana share su sosai, amma tana gaggauta zuwan yanar ido musamman ga wanda ya fara manyanta, kuma akwai haɗarin sabuwar yagewa ko ɓamɓarewar tantanin, da shigar ƙwayar cuta duk da wannan ba kasafai ba. Akwai kuma wata leza daban da ake harbin ɗigon da ita a farfasa shi, ta kan yiwa wasu amfani musamman masu irin zoben nan, amma ba kowane ɗigo take kamawa ba, wanda yake kusa da tantanin ba'a taɓa shi, kuma binciken da akai a kanta bai da yawa. Bai hana ni ba bai kuma tura ni ba. Nayi kwanaki ina tunani, ido biyu duk masu ɗinki a ciki, duk sirara, in kai su a sake buɗewa sabida Zobe? Nace bari in ba kaina shekara guda, in har lokacin bana iya aiki sai in dawo mu yi maganar. Bana ganin laifin wanda ya zaɓi tiyatar, akwai wanda nasa ya fi nawa duhu nesa ba kusa ba, ni dai lissafina kenan.

Shekarar ta cika ta wuce ban koma da maganar ba. Yanzu shekara ɗaya da wata bakwai da lezar farko. Zobe na nan, Dogo na nan, Sauro ya dusashe, hagu ma ta samu nata zoben ƙarami. Abin da ya canza kaina ne, ƙwaƙwalwa ta gaji da kula su kaman yadda mai gilashi baya ganin firam ɗinsa, sai in yi awa uku huɗu ban tuna dasu ba, wata rana har yamma. Ranar da ban samu barci ba ko raina yake a ɓace sai su dawo gaba kaman an kira su. In rana ta ƙwalle ina saka baƙin gilashi a kan nawa, wayata na mayar da fuskarta baƙa rubutun fari, fitilar keke na karkatar da ita tana haska yadi daga gefe maimakon ta dallare shi. In Zobe ya zauna kan kafar allura sai in kalli sama in kalli ƙasa da sauri, ya tafi yawonsa, in zura zarena kafin ya dawo. Ina zuwa a buɗe idon a duba duk ranar da aka bani ko da bana jin komai. Babbar 'yata shekararta 15 gilashinta ya kai -4, na kaita an buɗe nata an duba har gefe-gefe, na kuma zaunar da ita na lissafa mata alamun nan har sai da tace Umma na haddace dan Allah.

Farin yadi ma na koma karɓa. Shekaranjiya ina kalmasa wata farar riga naga baƙin zare kwance a bakin ɗinkin, nace Dogo yau kuma nan ka sauka, na share shi na ci gaba da taka keke abina. Sai da na gama na ɗaga rigar ina dubawa naga zaren na nan a inda yake, na juya ido bai biyo ni ba. Na gaske ne, na ɗinke shi a cikin kalmasar tun daga kafaɗa har ƙasa yana leƙowa ta cikin farin yadin, sai da na zauna da reza na farke layin gaba ɗaya na sake.